Wuƙar aljihu mai araha ko mai tsada, wacce zan zuba jarina a kai?

Wani ɗan'uwa ɗan kasuwa ne ya turo wannan tambayar. Yace yana sayar da ƙananan kayan aiki irin su tocila da kwado da filaya, yanzu kuma yana so ya ƙara da wuƙaƙen aljihu masu naɗewa saboda kwastomomi suna yawan tambayarsa, amma jarin da ya ware ba wani mai yawa bane. In ya sari masu araha zai samu da yawa, in kuma yace sai na manyan kamfanoni irin Benchmade da Spyderco to ƴan ƙwayoyi kawai kuɗin za su ɗauka. Yana so ya san wanne ya fi, kuma wai da gaske mai tsadar ta fi mai arahar har ninkin kuɗin da ake sa mata?

Toh ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ni dai shawarata ita ce ka zuba mafi yawan kuɗinka a masu araha amma na kamfanin da ya yarda ya buga sunansa da sunan ƙarfensa a jikin wuƙar, masu tsadar kuma ka bari sai wanda yayi oda ya ba da kafin alƙalami. Bari in faɗa maka dalili, don in ka gane dalilin ba sai ka sake tambayar kowa ba ko da kayan sun canza.

Da farko wannan rabon da kayi gida biyu, a gaskiya gida uku ne. Akwai wuƙar da ba suna ba adireshi, an rubuta mata cewa bata tsatsa kawai an zana mata kan damisa ko macijiya a mariƙi, tana ƙyalli kamar me. Irin waɗannan yawanci ƙarfensu 3Cr13 ne ko abin da ya yi kama da shi, sinadarin kabon a ciki wajen kashi 0.3 cikin ɗari ne, shi kuwa kabon shine ke sa ƙarfe ya yi tauri ya riƙe kaifi, shi yasa zaka ga an wasa ta da safe kafin la'asar ta dakushe. Wannan ba ita nake nufi da mai araha ba, wannan matsala ce zaka saro da kuɗinka. Sai gida na biyu, su Opinel na Faransa da suke ƙera wuƙa tun 1890, da Victorinox na Suwizalan da Karl Elsener ya kafa a 1884, da Ontario RAT 1 da ake yi a Taiwan, da Spyderco Tenacious da ake yi a Chana, da Civivi wanda reshe ne na kamfanin WE Knife dake birnin Yangjiang. Sai gida na uku, su Benchmade Bugout da Spyderco Paramilitary 2 har zuwa Sebenza ta Chris Reeve wadda ita kam sai wane da wane.

Tsakanin gida na ɗaya da na biyu bambancin kamar sama da ƙasa ne, kuma kuɗin da ke tsakaninsu kaɗan ne. Tsakanin na biyu da na uku kuwa kuɗin sai ya ninka sau biyar ko goma, amma aikin da wuƙar zata yi a hannun talaka mai yanka kwali da igiya da leda bai ninka ko sau biyu ba.

Kada ka ji haka kace masu tsadar yaudara ce, a'a, akwai abin da ake biya. Ka ɗauki 8Cr13MoV da ke jikin Tenacious, kabon wajen 0.8, kuromiyam mai hana tsatsa wajen 13, ƙarfe ne mai sauƙin kai, yana dakushewa da ɗan wuri amma minti kaɗan a kan dutsen wasa wuƙa na yau da kullum ya dawo yana aske gashin hannu. Sai ka ɗauki S30V wanda kamfanin Crucible na Amurka ya fitar a 2001 tare da haɗin kan Chris Reeve, kabon 1.45, kuromiyam 14, ga banadiyam kashi 4, kuma ba a zuba shi a sanyaya kamar sauran ƙarfe, narka shi ake a fesa ya zama gari sannan a matse garin da zafi da nauyi ya koma dunƙule, to wannan ne ke sa ƙwayoyin tauri da ke cikinsa su zama ƙanana su bazu daidai ko'ina. Sakamakon shine kaifinsa yana daɗewa sosai musamman a kan kwali, don kwali da kake gani yana cin bakin wuƙa fiye da yadda mutane suke zato. Amma fa ranar da ya dakushe nan ake yinta, saboda waɗancan ƙwayoyin banadiyam ɗin sun fi dutsen wasa na gama-gari tauri, mutum zai yi ta gogawa yana gumi wuƙa tana kallonsa, sai ya nemi dutsen daimon. M390 na kamfanin Böhler na Ostiriya ma haka yake, kuromiyam ɗinsa har kashi 20. Kaga kenan in ka sayar wa mutumin da bai iya wasa wuƙa ba da irin wannan, bayan wata shida yana riƙe da dakusasshiyar wuƙa mai tsada, kuma kai zai zaga.

Sannan sunan ƙarfe shi kaɗai baya yanka komai, yadda aka gasa shi da wuta aka sanyaya shine rabin zancen. Wuƙar Buck 110 da ta fito tun 1964 yanzu da 420HC ake yin ta, ƙarfe ne da in ka duba shi a takarda zaka raina, amma saboda kamfanin ya ƙware wajen gashin sa sai ka ga tana aiki fiye da wata da aka buga wa babban suna aka gasa ta da ganganci. Shi yasa nace ka bi kamfanin da yake da sunan da zai ji tsoron ɓatawa.

A cikin masu arahar ma ka lura da ƙarfen D2, don yanzu ya cika kasuwa, Civivi Elementum da shi ta yi suna. Yana riƙe kaifi fiye da 8Cr13MoV nesa ba kusa ba, sai dai duk da yana da kuromiyam wajen 12, yawancin sa ya haɗe da kabon ɗin da ya yi yawa a ciki, don haka in aka bar shi da gumi ko danshi zai fito da ɗigon tsatsa. In kwastomominka masu aiki ne a ruwa ko masu yawan zufa, ka fi nemo musu ƙarfen 14C28N da kamfanin Sandvik ƴan Suwidin suka ƙirƙiro, ni a wajena shine ya fi dacewa da wuƙar yau da gobe, baya saurin tsatsa, baya ɓantarewa, kuma wasa shi ba wahala. Opinel ma iri biyu ce, akwai ta ƙarfen kabon mai kaifin tsiya da ke yin baƙi in ta taɓa lemo, akwai marar tsatsa, kuma yawancinsu mariƙin katako ne wanda in ya sha ruwa sai ya kumbura ruwan wuƙar ya ƙi fitowa. Ka faɗa wa mai saye wannan tun a gaban tebur, in ba haka ba gobe zai dawo yace ka bashi mai matsala.

Wani abin da ya canza lissafin kasuwar nan shine makulli, wato abin da ke riƙe ruwan wuƙa a buɗe kada ya naɗe. Da can in kana son makulli mai kyau sai ka biya da tsada. Michael Walker ne ya gyara makullin nan na faifan ƙarfe da ke shiga bayan ruwan wuƙa a 1980, Spyderco suka zo da ramin babban yatsa na buɗe wuƙa da maƙalin aljihu a 1981, Benchmade kuma suka daɗe suna cin kasuwa su kaɗai da makullin AXIS mai ƴar sakata da ake ja da yatsu biyu. To wa'adin haƙƙin mallakar wannan sakatar ya ƙare, yanzu kamfanoni barkatai suna sa irinta a wuƙaƙe masu araha, har da boris a wajen juyawa wanda zaka taɓa da yatsa ɗaya ta buɗe fyat. Abin da ya rage wa masu tsada shine ƙarfen gari, da mariƙin titaniyam ko zaren kabon, da tsaftar aiki, da suna. Bugout nauyinta wajen giram 52 ne kawai, zaka manta tana aljihunka, wannan gaskiya abin yabo ne, amma mutum nawa ne a cikin masu tsayawa gaban shagonka za su biya ninki biyar saboda giram talatin?

Yanzu lissafin kuɗi, wanda shine asalin tambayarka. Misali ne kawai zan baka, ka sa naka alƙaluman. Ka ɗauka jarinka 100 ne. Ka sari goma a kan 10 kowacce ka sayar 14, in sun ƙare ribarka 40. Ko kuma ka sari guda ɗaya a kan 100 ka sayar 125, ribarka 25, kuma sai ranar da mai ita ya zo. In masu arahar suka juya sau uku kafin waccan ta fita ka ci 120 ita kuma tana kwance a gilas tana shan ƙura. Ɗan kasuwa mai ƙaramin jari ba ribar ƙwaya ɗaya yake kallo ba, sau nawa kuɗin ya fita ya dawo yake kallo, kuma babu abin da ke karya shi kamar kaya su yi kwantai. Ga kuma asara, in mai araha ɗaya ta ɓata ko ta zo da matsala kashi ɗaya cikin goma ka rasa, in waccan ce aka ɗauke maka to uwar kuɗin gaba ɗaya ta tafi. Ƙari a kan haka mai sayen wuƙa mai tsada ba baƙo bane a harkar, ya riga ya duba farashi a intanet ya san shi har kobo, ba zai bari ka ɗora riba mai kauri ba, kuma zai tambaye ka ko kai dila ne da kamfani ya amince da shi.

Sai maganar jabu, wadda ita ce ramin da sabon shiga ya fi faɗawa. Bugout da Paramilitary 2 suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, har kwalin da takardar ciki ana bugawa, a rubuta S30V a jikin ƙarfen da ba shi bane, kuma ido baya iya bambance ƙarfe da ƙarfe. In wani ya kawo maka su a kashi ɗaya cikin biyar na farashinsu yace ragowar kamfani ne, wallahi ka riƙe kuɗinka. Ranar da kwastoma ɗaya ya gano ka sayar masa da jabu a matsayin orijinal, har tocilar da kake sayarwa zai daina yarda da ita. Garantin ma da ake ta yabo, misali Benchmade suna wasa wa mutum wuƙarsa kyauta muddin tana raye, sai an aika ta masana'antarsu a Oregon, to wanda yake nesa da Amurka kuɗin aikawa kaɗai zai iya saya masa sabuwar RAT 1, don haka kada ka yi wa kowa alƙawarin garantin da ba kai zaka cika ba.

Kafin ka sari kwali guda ka fara sayen samfur ɗaya ɗaya ka gwada da hannunka. Ka buɗe ta ta kulle, ka kama ruwan ta baya ka girgiza hagu da dama, sannan sama da ƙasa, in ka ji tana kaɗawa ƙas ƙas musamman sama da ƙasa to makullin bai zauna ba, ajiye ta. Ka rufe ta ka leƙa ta sama ka ga ko ruwan ya zauna a tsakiya ko yana gogar gefe ɗaya. Ka kifa ta a rufe ka kaɗa da ɗan ƙarfi, in ta buɗe da kanta to zata buɗe a aljihun mutum ta yanke masa cinya. Ka shafa yatsa a bayan mariƙin tana rufe ka tabbata tsinin bai leƙo ba. Daga nan ka samu tsohon kwali ka yi ta yanka har hannunka ya gaji sannan ka gwada ta a takarda, wadda ta yanka sumul ita ce taka, wadda ta yage takardar ka san matsayinta.

Ka kuma bincika dokar inda kake da ta kwastam tun kafin kayan su taso, don wannan ba kamar kwado bane. A Ingila dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da mai naɗewa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba ne kawai in bata da makulli kuma kaifinta bai wuce inci 3 ba, a Jamus tun 2008 an hana yawo da wadda ake buɗewa da hannu ɗaya kuma take kullewa sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kowace ƙasa da nata. Masu maɓalli da suke fitowa da kansu ka ƙyale su gaba ɗaya, sune suka fi jawo rigima da hukuma, kuma kada ka sayar wa yara ko wanda ka ga alamar ba aiki zai yi da ita ba. Ƙananan Victorinox marasa makulli su suka fi kwanciyar hankali ta wannan ɓangaren, ga almakashi ga sukundireba, ma'aikacin ofis ma zai saya.

In nine kai, kashi bakwai cikin goma na jarin zai tafi a iri uku ko huɗu na gida na biyu, kar ka tara iri ashirin ƙwaya ɗaiɗai. Kashi biyu in sayi duwatsun wasa wuƙa da ɗan man shafawa da ƙananan sukundireba na Torx masu baki kamar tauraro, don notunan irin waɗannan wuƙaƙen kusan duk Torx ne kuma suna kwancewa, kashi ɗaya kuma in bar shi a hannu saboda abin da ya fi tafiya in ƙaro shi da wuri. Ka koyi wasa wuƙa da kanka ka riƙa yi wa wanda ya saya a wajenka kyauta karo na farko, zai dawo, kuma in ya dawo da wuya ya fita hannu rabbana. In ka ga mutum biyu uku sun fara tambayar Paramilitary 2 da sunanta, ka karɓi rabin kuɗi ka yi musu oda daga dilan da kamfanin ya lissafa a shafinsa, ka ajiye rasit ɗin ka basu kwafi.