Me ya sa ɗan wasan baya ya fi masu cin maki albashi a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai kallon ƙwallon Turai ne, amma na fara leƙa ƙwallon Amurka. Na ga an ba Micah Parsons kwantiragin dala miliyan 188, alhali an ce ɗan baya ne, ba ya cin maki. Mene ne aikinsa har ya kai wannan kuɗi?

Amsa: Wa alaikumussalam, ɗan'uwa. Abin da za ka fara riƙewa shi ne, a wannan wasa kusan komai yana hannun mutum ɗaya, wato kwatabak, mai jefa ƙwallo. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, kuma daga karɓar ƙwallo zuwa jefa ta, kwatabak yana da kamar daƙiƙa uku ne ko ƙasa da haka. Aikin Parsons shi ne ya hana shi waɗannan daƙiƙoƙin. In ya kayar da shi kafin ya jefa, abin da ake kira sak ke nan: dama ɗaya ta tafi, an kuma ja da baya. In ma bai kai gare shi ba, firgicin zuwansa kan sa kwatabak ya jefa da gaggawa, ƙwallo ta faɗa hannun abokan hamayya.

An haifi Parsons a 1999 a Harrisburg ta jihar Pennsylvania, ya yi wasa a jami'ar Penn State, ya kuma ƙi buga kakar 2020 saboda annobar korona. Dallas Cowboys suka ɗauke shi a lamba ta 12 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2021. Da farko a tsakiyar masu tsaro aka sa shi, bayan layin gaba. Sai abokin wasansa mai afka wa kwatabak, DeMarcus Lawrence, ya karye a ƙafa a farkon kakar, kocin tsaro Dan Quinn ya matsar da yaron gefen layi don ya riƙa afka wa kwatabak. Nan aka ga abin da Allah Ya hore masa. Mutum ne mai nauyin sama da kilo 110, amma yana gudun yadi 40 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu da rabi, ga kokawar da ya yi tun yana yaro ta koya masa yadda ake zame wa hannun ƙato. Ya gama shekararsa ta farko da sak 13, aka zaɓe shi gwarzon sabon ɗan baya ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kauce masa ba. Ya biyo da 13.5, da 14, da 12. Rabin nan da ka gani, shi ne idan mutum biyu suka haɗu suka kayar da kwatabak. Kafin shi, tsohon ɗan baya Reggie White kaɗai ya taɓa yin 12 ko fiye a kowace kaka cikin huɗun farko.

Batun kuɗin kuwa, sai ka san dokar da aka kafa a 2011. Sabon ɗan wasa ba ya cinikin albashinsa. Lambar da aka ɗauke shi ita ke yanke masa, na shekara huɗu. Parsons ya yi waɗannan shekaru a kan kimanin dala miliyan 17 gaba ɗaya, yana aikin da ya ninka haka sau da yawa. Kwantiragi na biyu shi ne damar da ɗan wasa ke da ita ya karɓi haƙƙinsa, a wasan da gwiwa ɗaya in ta tsinke, sana'a na iya ƙarewa a ranar. Shi ya sa ban ga laifinsa ba da ya kafe lokacin da ciniki ya lalace tsakaninsa da mai ƙungiyar Dallas, Jerry Jones, har ya nemi a sallame shi a watan Agustan 2025.

A ƙarshen watan aka miƙa shi ga Green Bay Packers. Dallas suka karɓi ɗan baya Kenny Clark da zaɓi biyu na zagayen farko a zaɓen sababbin 'yan wasa, shi kuma ya sa hannu kan shekara huɗu, dala miliyan 47 a shekara, albashi mafi tsoka da wani wanda ba kwatabak ba ya taɓa samu zuwa lokacin. A ganina Dallas ne suka yi asara, domin zaɓin zagayen farko fata ne kawai, Parsons kuwa an riga an ga aikinsa.

In za ka kalli wasan Packers, ɗauke idonka daga ƙwallo na ɗan lokaci ka bi Parsons, mai riga lamba 1. Ƙirga sau nawa ake sa mutum biyu su tare shi; duk lokacin da aka yi haka, wani abokin wasansa ya samu hanya.