Ga mai tambaya kan biskit ɗin Amurka da ya ƙi tashi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kina son biskit irin na kudancin Amurka, mai tsayi da laushin ciki, wanda suke haɗawa da soyayyar kaza, amma naki kullum a kwance yake fitowa, ga tauri. Kin ƙara bekin foda, sai ɗaci ya biyo baya. Kin kuma ce kina barin bata, wato man shanu irin na kanti (butter), ya yi laushi tukuna, sannan ki murza kwaɓin har ya yi sumul. To a nan matsalar take. Shekaru ina zaune a jihar Jojiya ta kudancin Amurka ina yin biskit ɗin nan kusan kowane ƙarshen mako, kuma abin da zan faɗa miki shi ne: tsayinsa daga sanyi yake zuwa, da kuma sassaucin hannu.

Bata ba zallar mai ba ne. Kusan kashi 80 cikin 100 ne mai, saura yawanci ruwa. Idan ya shiga obin mai zafi yana nan a daskare, gutsi-gutsi a cikin kwaɓin, ruwan da ke cikinsa zai zama tururi nan take, tururin ya ɗaga fulawar da ke samansa, ya bar rata. Wannan ratar ita ce hawa-hawan da kika gani a wanda kika ci. Amma idan ya narke tun a hannunki, fulawa ta riga ta shanye shi, babu abin da ya rage da zai ɗaga komai. Saboda haka ne ma soyayyen man shanu, duk da ƙamshinsa, ba zai yi miki aikin nan ba, don an riga an ƙone ruwansa. Haka man shafawa a burodi mai laushi na cikin roba. Ki nemi bata na sanda, ki jefa shi a firiza ya yi tauri kamar dutse, sannan ki goga shi da abin goga kubewa, ta gefen manyan huji, kai tsaye cikin fulawar. Ki barbaɗa fulawa a kansa da yatsu don kada ya cure, ki mayar da kwanon gaba ɗaya firiza na minti goma. Ba sai kin mutsuke shi ya ɓace ba. Ina son in riƙa ganin ɓarɓashinsa da idona.

Ga awon da nake yi. Fulawa giram 250, wato wajen kofi biyu. Bekin foda babban cokali ɗaya. Bekin soda rubu'in ƙaramin cokali, kada ki wuce haka, don shi ne ke kawo ɗanɗanon sabulu. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya, amma ki rage idan batanki mai gishiri ne. Bata giram 85. Nono mai tsami mililita 180, mai sanyi ƙarara. Sukari ba dole ba ne, mutanen kudu da yawa ba sa sa wa. Wannan zai ba ki manya shida.

Maganar nonon kuwa, idan a gida kike, kin fi mu sa'a. Asalin abin da matan karkarar Amurka suka saba amfani da shi shi ne ruwan nonon da ya rage bayan an kaɗa an cire mai, wato dai tsalar da matan Fulani ke kawowa a ƙwarya. Wanda muke saya a kwalba a nan madara ce da aka sa wa ƙwayoyin tsami a masana'anta. Ki samu tsala mai kyau wadda ba a tsinka ta da ruwa ba, ki tace. Idan kindirmo kika samu, ki sassauta shi da madara kaɗan har ya riƙa zuba daga cokali. Tsamin yana da aiki biyu: shi ke haɗuwa da bekin soda ya ba da iska, kuma yana sa cikin ya yi taushi. Idan babu ko ɗaya, ki matsa lemon tsami babban cokali ɗaya a kofin madara ki bari minti biyar. Biskit ɗin zai tashi, sai dai ɗanɗanon bai kai ba.

Fulawa ma tana da nata. Abin da ya sa biskit ya zama na mutanen kudu shi ne irin alkamar da ke yi a yankinsu, mai laushi, wadda ba ta da yawan furotin. Fulawar White Lily, wadda aka fara niƙawa a garin Knoxville na jihar Tenesi a 1883, furotin ɗinta wajen kashi 9 ne, ta burodi kuwa takan kai 12 zuwa 13. Yawan furotin shi ke kawo danƙo, danƙon da ake nema a burodi kuma ake gudu a nan. Idan irin fulawar masu gidan burodi ce a hannunki, ki kwashe babban cokali biyu daga kowane kofi, ki maye gurbinsa da farin garin sitacin masara, ki tankaɗe su tare.

Yanzu hannu. Na san mun taso ne da murza kwaɓin cincin da na alkaki har sai ya yi santsi, kuma hannu ya saba, to a nan sai kin danne shi. Ki yi rami a tsakiyar fulawar, ki zuba nonon duka, ki juya da cokali mai yatsu har busasshen gari ya kusa ɓacewa, ki tsaya. Kwaɓin zai yi miki kama da wanda bai haɗu ba, yana warwatsewa, yana ɗan manne wa yatsu. Haka ake so. Ki juye shi a tebur da kika barbaɗa wa fulawa, ki tattaro shi da tafin hannu, ki danna ya yi faɗi. Ki naɗo kashi ɗaya bisa uku daga dama, ki naɗo na hagu a kansa, ki juya shi, ki sake dannawa. Sau uku ko huɗu ya isa. A naɗin farko zai riƙa karyewa, a na uku za ki ga ya kama kansa da kansa. Idan kika ji ya fara yin maiƙo a hannunki, ki bar komai ki sa shi a firij ya huce. A watannin bazara na gida, da asuba za ki yi wannan aikin, kafin ɗakin girki ya ɗau zafi. Lokacin hunturu kuwa shi ne lokacinsa.

Kaurinsa kafin yanka ya kai santimita biyu da rabi, kusan gaɓar babban yatsanki ta sama. Yawancin masu kukan bai tashi ba, sun murza shi ne da muciyar fulawa ya koma siriri, alhali biskit ninki ɗaya kawai yake yi. Abin yankan kuma ya zama mai kaifin baki. Kofin gilashi bakinsa dakusasshe ne, yana liƙe gefen, hawa-hawan su kasa buɗewa. Ƙaramin gwangwani da aka cire wa sama da ƙasa ya fi shi, in dai bakin siriri ne. Ki tsoma shi a fulawa, ki danna ƙasa sak, ki ɗago sak. Kada ki murɗa. Murɗawar nan kaɗai kan sa biskit ya tashi a karkace. Ni a yanzu ma na fi son wuƙa mai kaifi, in yanka shi murabba'i, don babu ragowar da za a sake haɗawa, kuma wanda aka sake haɗawa ba ya taɓa kai na farko tsayi.

Ki jera su a tire suna taɓa juna. Idan kika ba su fili, gefe za su bazu. Idan suna jingine da juna, sama kawai ta rage musu. Ki shafa nono kaɗan a samansu kawai, kada ya gangara gefe. Obin ya riga ya kai digiri 220 na Salshiyas, wato 425 a ma'aunin Amurka, kafin su shiga, kuma ki ba shi aƙalla minti ashirin yana ɗaukar zafi. Yayin da kike jiransa, tiren yana firij. Minti 15 zuwa 18 suke yi, kada ki buɗe ƙofa a minti goman farko. Obin mai sanyi-sanyi zai narkar da batan ya malale a tire kafin tururi ya yi aikinsa, sai ki ga suna iyo a cikin mai. Gashin tukunya da yashi yana yi wa kek, amma wannan yana son wuta mai ƙarfi lokaci guda, ta sama da ƙasa.

Ki duba bekin fodarki ma kafin ki zargi kanki. Wadda ta daɗe a buɗe, musamman ta sha damina, ta mutu. Ki zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi. Idan bai yi kumfa da ƙarfi nan take ba, ki sayi sabuwa.

Ga 'yan'uwa da ke nan Amurka, abu ɗaya ku kula da shi: tsohuwar hanyar mutanen kudu da kitsen alade ake yi, kuma har yanzu akwai gidajen abinci da ke kan haka. Miyar da suke kwararawa a kai da safe ma yawanci da naman alade ce. Ku tambaya kafin ku ci.

Da sun fito ki shafa musu narkakken bata, ki ɓara ɗaya da hannu tun yana tururi, kada ki sa wuƙa. Mu da zuma muke ci da shayi, yara kuma da soyayyen ƙwai a tsakiya. Ba ya son kwana, don haka idan shida sun yi miki yawa, ki daskarar da ɗanyun a firiza bayan kin yanka, ki riƙa gasawa kai tsaye ba tare da kin narkar ba, ki ƙara musu minti uku zuwa biyar. Ki gwada a haka, idan kuma aka samu matsala ki ɗauko hoton gefensa bayan kin ɓara, daga nan za a gane inda abin ya tsaya. Allah ya ba da sa'a.