Amsa ga ɗana game da tambayar "kai me ka yi?"

Ɗana, saƙonka ya iso gare ni. Ka ce ka kai wa manya kukan yarinyar da kake nema saboda ta daina amsa kiranka, amma maimakon su neme ta, sai suka tambaye ka abin da kai ka yi, har kana ganin wannan al'ada tana danne mai gaskiya.

Tambayar nan tushenta a addini yake, kuma malamai suna kiran abin muhasaba, wato yi wa kai hisabi. Aya ta 18 a Suratul Hashri ta umarci kowane rai ya dubi abin da ya gabatar domin gobe, an kuma ruwaito Sayyidina Umar yana cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta zuciya da abokin cinikin da ɗan kasuwa ke gindaya wa sharaɗi da safe, ya sa masa ido da rana, sannan ya zauna da shi lissafi da dare. A soyayya lissafin nan ya fi wuya, domin laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani, ga shi kuma son kai ya iya shigar kishi ko ta kulawa.

Saboda haka idan dare ya yi, ka ajiye wayar ka tambayi kanka: alƙawarin da na yi mata, na cika? Maganar da na faɗa, don in gyara ne ko don in yi nasara a gardama? Littafinka kaɗai za ka buɗe, domin da zarar ka fara "ai ita ce ta jawo", ka bar hisabi ka koma shari'a. Ni kaina na daɗe ina kiran shirun da nake yi wa goggonka haƙuri, sai daga baya na gane horo nake yi mata.

Sai dai kada ka ɗauka ana nufin ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba. Wannan ma ƙarya ce, kuma wanda ake cuta yana da haƙƙin ya faɗa. Idan ka gano naka, ka nemi gafarar Allah, sannan ka je ka ambata mata laifin da sunansa, ba tare da ka haɗa shi da "amma" ba.