Fatawa: Shin ɗan gidan fawa ya kai ya auri 'yar gidan sarauta?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwar goro ne a Agege, na haura shekara 30 a Legas, amma asalinmu gidan sarauta ne a ƙasar Zazzau, domin kakana ya riƙe hakimci. Wani yaro mahauci da ke sana'a a mayankar Oko-Oba yana neman 'yata, ita ma hankalinta ya kwanta da shi. Na bincika ban samu abin zargi a addininsa ba, sai dai yayana da ke gida ya aiko cewa mu ba ma haɗa jini da mahauta, kuma idan na ba shi ita, to babu ni babu shi. Shin shari'a ta san da wannan bambanci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Alhaji, amsar a taƙaice ita ce wannan aure ya halatta, kuma a mazhabar Imamu Malik da muke bi wannan yaro tsaran 'yarka ne muddin addininsa ya inganta. Amma tun da maganar yayanka tana da tushe a al'adarmu, ya kamata a warware ta daki-daki.

Musulunci bai ƙaryata asali ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta mutane da ma'adinai, ya ce zaɓaɓɓunsu a jahiliyya su ne zaɓaɓɓunsu a Musulunci idan sun fahimci addini. Ke nan gidan da ya saba da kunya da karamci da cika alkawari yakan gadar wa 'ya'yansa waɗannan halaye, kuma abin da Bahaushe yake nufi ke nan idan ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai hadisin ya rataya fifikon a kan sharaɗin fahimtar addini, kuma aya ta 13 a Suratul Hujurat ta bayyana cewa an sanya mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna, mafi daraja a wurin Allah kuwa shi ne mafi taƙawa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa alfahari da girman iyaye da sukar nasabar wasu suna cikin al'amuran jahiliyya huɗu da za su saura a wannan al'umma, ya kuma ruwaito cewa wanda aikinsa ya jinkirtar da shi, nasabarsa ba za ta gaggauta da shi ba.

Game da aure, malamai suna kiran wannan babi kafa'a, wato dacewar miji da matar da yake nema. Shehu Halil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya taƙaita ta a kan addini da kuɓuta daga aibobin da ke ba mace zaɓin rabuwa, sannan ya faɗa a fili cewa 'yantaccen bawa da wanda ba sharifi ba da wanda bai kai ta matsayi ba duk tsararrakinta ne. Hujjar Malikawa aikin Annabi ne da sahabbansa. Ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa wanda 'yantaccen bawa ne, ya shawarci Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, da ta auri Usamatu ɗan Zaidu, kuma Abu Huzaifa ya ba Salimu, maulansa, wato 'yantaccen bawan gidansa, 'yar ɗan'uwansa Hindu 'yar Walidu. Mafi kusa da mas'alarka shi ne abin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda Annabi ya umarci Banu Bayala su aurar wa Abu Hindin, su kuma nemi aure a wurinsa, alhali sana'arsa ƙaho ce, wato a wurinmu wanzami ne.

Amana ta ilimi ta wajabta in gaya maka cewa Hanafawa da Shafi'awa suna lura da nasaba da sana'a a kafa'a. To amma ko a wurinsu haƙƙi ne na mace da waliyyinta, suna iya yafe shi, kuma idan waliyyi mafi kusa ya yarda ita ma ta yarda, na nesa ba shi da ikon hanawa. Kai ne uba, yayanka baffa ne, saboda haka babu ɗaya daga waɗannan mazhabobi da ta ba shi damar tsayar da wannan aure.

Shi kansa rabon mutane zuwa masu sarauta da talakawa, da ƙasƙantar da mahauta da makaɗa, tsari ne na zamantakewar Hausa wanda ya bambanta karda, sana'ar gado, da shigege, wadda mutum ya shiga da kansa. Tarihi bai bar wannan tsari a tsaye wuri ɗaya ba. A fadar Kano, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne, amma a ƙarni na 19 hakimai 'ya'yan sarauta ta hannunsu sukan bi kafin su ga sarki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda jihadinsa na 1804 ya kafa yawancin gidajen sarautar da ake tinƙaho da su yau, ya lissafa riƙon mulki ta hanyar gado da fin ƙarfi ba tare da shawara ba cikin ɗabi'un sarakunan da ya soka a Kitabul Farƙi. Ibnu Khaldun kuwa, masanin tarihin da ya rasu a 1406, ya lura cewa girman gida galibi a kan mutum huɗu yake ƙarewa: na farko ya gina shi da wahala, ɗansa ya gani ya koya, jikansa ya kwaikwaya, na huɗu kuma ya zaci girman a jininsa yake, ya watsar da halayen da suka kawo shi. Ban faɗi wannan don in taɓa gidanku ba, amma kowa ya san gidan da albasa ba ta yi halin ruwa ba. 

Abin da nake so ka tsananta bincike a kai shi ne abin da shari'a ta damu da shi. Fawa sana'a ce ta halal, kuma wanda ya fito daga mayanka da hantsi da jini a rigarsa bai fi mai farar babbar riga kusa da zunubi ba. Ka tambayi abokan sana'arsa ko yana barin sallar asuba saboda sammakon yanka, ko yana tauye sikeli, ko yana cusa naman jiya cikin na yau, ko kuma yakan biya dillalan shanu bashinsu a kan lokaci. Ka san ɗakin da zai ajiye ta, domin haya a Legas ba wasa ba ce. Idan waɗannan sun yi kyau, hadisin Tirmizi ya hau kanka, wanda ya yi umarni da a aurar wa wanda aka yarda da addininsa da halinsa, ya kuma yi gargaɗin fitina da ɓarna idan aka ƙi. Malikawa ba sa ɗaukar uba a matsayin mai tauye 'yarsa budurwa don kawai ya mayar da manemi, sai an tabbatar da cutarwa, amma hana ta wanda take so saboda sana'ar kakanninsa kaɗai hanya ce da ke kaiwa ga hakan.

Shi kuma yayanka yana da haƙƙin zumunci da na girma, ko da ba shi da haƙƙin hanawa. Kada ka amsa masa ta saƙon murya a WhatsApp. Ka hau mota ka je gida da kanka, ka tafi da dattijon da yake jin nauyinsa ko limamin garinku, ka karanta masa waɗannan hujjoji cikin ladabi, sannan ka roƙe shi ya zama shi ne zai karɓi sadaki ya ba da auren a madadinka, domin wakilci a ɗaurin aure ya inganta. Idan ya ƙi, ka ɗaura auren, ka kai masa goronsa, ka ci gaba da gaishe shi ko da bai amsa ba. Allah ne mafi sani.