Musayar mota: amsar da na ba yarona

Jiya bayan la'asar, da mai Corolla ɗin nan, wanda yake so ya ba mu ita ya yi ciko ya ɗauki RAV4 ɗinmu, ya tafi, ka matso kusa da ni ka ce: "Maigida, na ji ka taya motarsa sefa miliyan 3 a musaya, alhali irinta ana saida ta miliyan 3 da jikka 800. Da me ka auna? Ba gara ya saida da kansa ba?" Na ji daɗin tambayar, ɗana, kuma na ji daɗin da ka bari sai da baƙo ya tafi. Zauna in warware maka.

Kuɗin da ka faɗa gaskiya ne, amma kuɗin mota ce wadda aka gyara, aka wanke, takardunta suka cika. Daga can nake faro lissafi, in yi ta saukowa. Mu ƙaddara tayu huɗu jikka 140, gyaran kilim, na'urar sanyi, jikka 60, amortisa na gaba, masu rage girgiza, jikka 70, fentin ƙofar da ta ƙuje da wanki jikka 80. Jikka 350 ke nan. Asirans, wato inshora, da bizit ɗinsa, takardar duba lafiyar mota, sun ƙare, ka sa jikka 50. Dillalin da zai kawo mai saye yana da la'adarsa, ka sa jikka 100. Saura miliyan 3 da jikka 300. Wannan jikka 300 ta sama ita ce tawa, kuma ba duka ce riba ba. A cikinta akwai watannin da kuɗina za su kwanta a fili rana tana dukansu, akwai kuma ciwon da motar ta ɓoye wanda ba zai bayyana ba sai ta zama tawa.

To, shi in ya kai ta kasuwa a yadda take, mai saye ma yana da ido. Zai ga tayun, zai kunna kilim ya ji iska mai zafi, ya tsaya a miliyan 3 da jikka 450. A fitar da la'ada, saura miliyan 3 da jikka 350. Ka ga ashe tazarar da ke tsakaninmu jikka 350 ce, ba 800 ba. Kuɗi ne masu kauri, ban raina su ba. Shi ya sa ka ji na ce masa in ba gaggawa yake ba, ya gwada kasuwa mako biyu, in bai samu ba ya dawo.

Duk wannan lissafi banza ne in ba ka iya duba mota ba. Ka sa a kawo ta da sassafe, ka ɗora tafin hannu a kan bonet kafin a tayar. In ka ji ɗumi, an riga an ɗumama ta a gida, kuma injin da ya ɗumama yana ɓoye tarinsa. Ka buɗe murfin da ake zuba man inji ka leƙa cikinsa. In ka ga wani farin kumfa kamar kindirmo ya manne, ka yi zargin ruwa yana haɗuwa da mai, aikin buɗe kan inji ne. Ka koma baya a taka maka totur, ka kalli hayaƙi: mai shuɗi-shuɗi mai take ci, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne. Ka bi ƙarfen jikinta da ɗan maganaɗisu a cikin ƙyalle, inda ya ƙi kamawa an cika wurin da mastik, abin da ake cike lotsi da shi, ta taɓa buguwa. A gefen taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019, kuma tsohuwar taya a kwaltar Damagaram cikin watan Afrilu ba abin dogaro ba ce ko da zanenta bai cinye ba.

Kada ka gaskata kilomita don kawai ka gan ta a rubuce, ana mayar da ita baya. Ka dubi robar birki da sitiyari da kujerar direba, su ba su iya ƙarya ba. In motar daga Amurka ta fito, da mil take ƙirga, kowane mil kilomita 1.6 ne. Ka kuma tambayi inda ta yi rayuwa. Wadda ta daɗe a bakin teku ka kwanta ƙarƙashinta ka nemi tsatsa. Tamu ta nan ba ta tsatsa, rana ce ke fasa mata robobi, hanyar Tanut kuma ta gama da ƙafafunta.

Takardu kuwa, a nan na taɓa ƙonewa. Ina sabon shiga na karɓi wata Hilux a musaya, lafiyayya, injin kamar agogo. Ban sunkuya na karanta lambar shasi ba. Da na zo saidawa aka ga harafi ɗaya ya saɓa da na kartigiris, takardar rajistar mota, takardar duwan, wato kwastan, kuma ba tata ba ce. Kusan shekara jarina yana kwance, mai ita ya ɓace. Tun ranar nake karanta lambar nan 17 ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kai, a jikin mota da kan takarda. Kai ma haka za ka yi. Mota mai lambar Najeriya kuwa, kome arharta a Kano, sai ka fitar da kuɗin duwan daga cikin tayinka tukuna.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Musaya ciniki biyu ce da aka cusa a buhu ɗaya: muna sayen tasa, yana sayen tamu. Mai mota kunnensa yana kan abu guda, nawa aka taya tsohuwarsa. Wasu a sana'ar nan sun san haka. RAV4 ɗin da yake so, mu ce kuɗinta miliyan 6 ne. Sai a ce masa: "Alhaji, motarka ta yi miliyan 3 da rabi," ya washe baki, sannan a ce tamu miliyan 6 da rabi. Cikon da zai bayar miliyan 3 ne, daidai da wanda na faɗa masa, amma ya tafi gida yana ganin an fifita shi. Wani ma a nan ake zare masa ƙarin jikka 200 bai sani ba. Ni ba na yin haka, kuma ba za ka yi a filina ba. Ka fara faɗa masa kuɗin tamu kamar da tsaba ya zo, a gama wannan. Sannan a taya tasa kamar ba zai sayi kome ba. Sai a ɗebe, abin da ya rage shi ne ciko. Ko ɗan'uwanka ne zai je musaya wani wuri, abin da za ka faɗa masa ke nan: ya raba cinikin biyu, ya sa ido a kan ciko.

Wa ya kamata ya saida da kansa? Mai Corolla, mai Hilux, mai Hiace. Kowane makaniki daga Zango har Birni ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma in babu a nan, gobe an kawo daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Irin waɗannan ba su kwana a kasuwa, musamman bayan kaka, lokacin da kuɗin wake da riɗi suka shigo hannu. Da aka rufe iyakar Gaya da ƙasar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, motoci suka koma biyowa ta Lome da Burkina, hanya ta yi nisa, kuɗin kawowa ya hau, mota mai cikakkun takardu da take nan gida ta ƙara daraja. Don haka kada ka auna ta da farashin da ka ji ana faɗa a zamanin ƴan Kwatano. Amma mai motar da sai an yi wata ana neman kayan gyaranta, shi ƙwai a baka ya fi masa kaza a akurki.

Kuma ka faɗa wa mai son saidawa wahalar da ke gaba. Masu zuwa kallo sun fi masu saye yawa. Wani zai ce ya ba da rabi, saura bayan Salla, in kuwa dangi ne ko maƙwabci, kunya za ta hana a tambaya. Kada makulli ya bar hannunsa sai kuɗi sun cika. Miliyan 3 takardar jikka goma guda 300 ce, a zauna a ƙirga gaban shaidu. A rubuta takardar ciniki, hukuma ta buga hatimi, a matsa wa mai saye ya sauya suna a kartigiris, don in motar ta yi ɓarna a hanya, wanda sunansa ke takarda shi za a fara nema. Aibin da ya sani kuma ya faɗa da bakinsa, addini bai yarda a ɓoye shi ba.

Mutumin ya ce zai sake kawo ta ranar Alhamis da safe. Ka riga ni zuwa, ka zo da tocila da tabarmar da za ka kwanta a kai. Kai za ka duba ta, ka rubuta naka lissafin a takarda ba tare da ka ga nawa ba, sannan mu haɗa mu gani.