Kifin yaudara da ke karkata gefe: gyara ko canji?

Ɗana, ka tambaye ni game da kifin robar nan da mai saye ya dawo da shi, wai in an ja shi a ruwa sai ya kwanta gefe ɗaya. Kana son sanin ko a canza masa, kuma ko don mai araha ne ya sa yake haka. Kada ka canza masa tukuna. Galibi ba daga kamfani matsalar take ba, daga hannun wanda ya soka ƙugiyar take.

Fara da sanin abin da aka ƙera shi ya kwaikwaya. A 1959 aka kawo kifin bas irin na Fulorida, mafaraucin kifi mai girma ƙwarai, zuwa madatsun ruwan San Diego a jihar Kalifoniya ta Amurka. Hukuma kuma tana zuba kifin tirawut na kiwo a tafkunan kudancin Kalifoniya, irin su Castaic da Casitas, lokacin sanyi. Tirawut ɗin da ya tashi a gidan kiwo bai san tsoro ba, yawo yake yi a hankali a sarari, manyan bas suna ta ƙiba da shi. Ganin haka ne masu fatsa irin su Allan Cole suka fara sassaƙa katako da siffar tirawut a shekarun 1980. To babban bas ba ya kai cafka da garaje. Yakan biyo abin a baya, ya daɗe yana kallonsa, kuma da zarar ya ga iyon bai yi kama da na mai rai ba sai ya juya. Shi ya sa karkatar da kake gani ƙarama take hana mutum kamu yini guda.

Ɗauki wanda aka dawo da shi, ka dube shi ta sama. Akwai layi a tsakiyar bayansa, inda ɓarin biyu na mazubin suka haɗu. Dole bakin ƙugiya ya fito a kan wannan layin daidai. In ya kauce ko da kaɗan, nauyin kan dalma da ke haɗe da ƙugiyar zai rinjayi ɓangare ɗaya. Kafin ka soka, jera ƙugiyar a gefen jikin, ka sa alama inda za ta ɓullo. Sai ka shigar da ita ta tsakiyar hanci, ka riƙa tura robar a kanta sannu a hankali, ba tare da ka lanƙwasa jikin ba. In ka gama ka ga jikin ya tattare ko ya miƙe da tsauri, zare ka sake. Ɗigon gam mai saurin kamawa a inda kai ya haɗu da roba zai hana ta zamewa bayan jifa.

In ƙugiya daidai take, dubi jela. Robar da ta daɗe a matse cikin leda ko akwati jelarta kan lanƙwashe, ita kuwa jela ita ce ke tuƙa jikin duka. Tsoma ta a ruwan zafi da ya kusa tafasa na daƙiƙa 15 zuwa 20, ka rataye shi kai sama har ya huce. Za ta koma yadda aka zuba ta. Abu na uku shi ne nauyi: babbar jela a kan kai maras nauyi takan fi ƙarfin kan, musamman in ana naɗe zare da sauri. Wanda ya sa giram 7 ya gwada giram 10, ko ya rage gudu.

Kifayen yaudara masu tauri da gaɓa ɗaya, waɗanda ke lilo dama da hagu, su ne suka fi son haƙuri, kuma su na fi jin daɗin gyarawa. Irin su Jointed Claw 178 na Gan Craft da Slide Swimmer 250 na Deps, duk daga Japan. Lambar tsawonsu ce a milimita. A nan kowane giram yana magana. Mutum ya cire ƙugiyoyin kamfani ya sa masu kauri, sai ya zo yana cewa abin ya lalace, alhali nauyi ya ƙara masa. Saka shi a tankin gwaji ka saki. Nagari yana nitsewa a kwance, ba kai ƙasa ba, ba jela ƙasa ba. In jela ke riga, manna ɗan siririn dalma a ciki kusa da ƙugiyar gaba. In kai ne, matsa da dalmar baya. Kullum a tsakiyar ciki, kuma kaɗan-kaɗan, kana mannawa kana gwadawa. Ka ɗaura zaren a zobe ko maƙalli a hanci, don ƙullin da ya shaƙe hanci yana rage faɗin lilon.

Ka tuna kuma ruwan sanyi ya fi na zafi ɗaukar abu. Wanda ka daidaita ya tsaya cak a tsakiyar ruwa cikin Janairu zai riƙa nitsewa a hankali cikin Yuli. Zaren fuloro, wato zaren fatsa na fulorokabon, shi ma yana nitsewa, yana jan hanci ƙasa, don haka gwajin ƙarshe sai da irin zaren da mai shi zai yi aiki da shi.

Batun tsada kuwa, ka riƙe amanar mai saye. Tambaye shi sandar da yake da ita kafin ka nuna masa komai. Kifin yaudara mai inci 8 yana son sanda mai ƙarfi, kusan ƙafa 8, da zare mai ɗaukar laba 20 zuwa 25. Wanda ba shi da su, in ya jefa babba, ko zare ya tsinke kuɗinsa su tafi ƙasan tafki, ko sanda ta karye. Irin wannan ka ba shi ledar kifin roba na kamfanin Keitech mai inci 3.8 ko 4.8 ta 'yan daloli, zai kama kifi ya dawo yana murna. Sannan tambaye shi zurfin inda yake fatsa. Kamfanin Huddleston suna rubuta lamba a kan nasu, 0, 5, 12 ko 16, wato kimanin ƙafa nawa yake nitsewa cikin daƙiƙa 10. Mai fatsa a saman ciyawa in ya sayi 16, ciyawa zai yini yana ja. Akwai na katako aikin hannu, irin na Roman Made, da ke kai ɗaruruwan daloli, kuma aikin ya cancanci kuɗinsa, amma ba na yarda a sayar wa sabon shiga. Fenti mai ƙyalli ma kada ya ruɗe ka: duba gaɓar ko tana motsi ba tare da cijewa ba, duba zobba, ka tabbatar ana samun jelar canji.

Ka ce kana so ka kai wasu gida ka gwada wa giwan ruwa a Kainji. Zai ci, don shi ma mafaraucin kifi ne. Amma bas mafi girma da aka tabbatar, na jihar Jojiya ta Amurka a 1932 da na tafkin Biwa na Japan a 2009, kilo 10 ne da ɗan ɗori, giwan ruwa kuwa yana wuce kilo 100. Ƙugiyoyi da zobban da suka zo da su ba don shi aka yi su ba. Sauya su da masu kauri tun a nan, ka ƙara guntun zare mai kauri a gaba saboda kaifin murfin kuncinsa, sannan ka sake daidaita nauyin kowanne a tanki kafin ka sa su a jaka.