Ku Tambaya Mu Amsa: Wa Ke Sa Lokacin Wasan Ƙwallo?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a Garwa, abin da ke damuna wasan Ingila na Asabar sai a sa shi ɗaya da rabi na rana, ga azahar ga mutane suna kasuwa, benci wayam, na Zakarun Turai kuma tara na dare har sha ɗaya yara ba su koma gida ba. Wai wa ke tsara wannan abu ne? Daga mai karatu, Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya masu talabijin ne ke da ta cewa, don su ke zuba kuɗin. Tashoshin Sky da TNT da BBC sun amince su biya fam biliyan 6.7 na haƙƙin nuna gasar Firimiya ta Ingila a cikin Birtaniya daga 2025 zuwa 2029, to wanda ya biya wannan ai shi zai zaɓi wasan da yake so da lokacin da ya fi tara masu kallo. Wasan ranan nan da ke kashe maka kasuwa, a Asiya dare ne, kowa na gida gaban allo. Ko El Clasico, wato wasan Real Madrid da Barcelona, na Disamban 2017 ƙarfe ɗaya na rana aka buga shi a Madrid saboda masu kallo na Asiya.

Kuma ba mu kaɗai abin ke ci wa rai ba, magoya baya a Jamus sun yi ta zanga-zanga kan wasan Litinin da dare har aka soke shi daga 2021, wallahi sun burge ni.

Kai dai ka riƙa liƙa jadawalin mako a ƙofa tun Alhamis, kuma ka lura daga ƙarshen Maris in Turawa sun canza agogo wasan tara yana dawowa takwas a wajenmu, yaran za su samu komawa da wuri.